Sarautar Manyan Gidajen Italiya Ba Ta da Ƙarfin Doka

Mutane da yawa na zaton gwamnatin Italiya tana amincewa da lakabin sarautar gado irin su "Conte" ko "Principe". Ba haka ba ne. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta 2 ga Yuni, 1946 ta kawar da mulkin sarki, kundin tsarin mulkin 1948 ya daina amincewa da lakabin gado. Abin da ya rage shi ne sunan gari ko fili da ke manne da lakabin, in an samu kafin 28 ga Oktoba, 1922: wannan ya zama ɓangaren sunan mutum.

Kadarorin tarihi da manyan gidajen suka gada kuwa doka na kula da su. Fadar da aka ayyana ta tarihi, in za a sayar, gwamnati na da kwana 60 da za ta iya riga kowa saye. Paolo Gentiloni, jinin irin waɗannan gidaje, ya zama firaminista a 2016 ta hanyar siyasa, ba don lakabin gado ba.