Waiwaye: Yadda Ganga Ta Daina Bin Mawaƙi

Gardamar nan ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a tsakanin matasan da ke kaɗa jita a Zariya, tun daga ɗaliban Samaru da Kongo har masu kiɗan coci a Sabon Gari da Wusasa. Ƙorafin ɗaya ne. Ƙungiya za ta rera waƙarta mai sanyi a gaban jama'a, wuri ya yi tsit, tsigar jikin kowa ta tashi, amma da an shiga situdiyo an ɗauka sai waƙar ta fito tsaf, kuma babu rai a cikinta. Mawaƙa na cewa masu situdiyo ne ke kashe musu aiki da kwamfuta da Auto-Tune, manhajar da ke gyara muryar mawaƙi. Masu situdiyo na mayar da martani cewa ba don kwamfutar ba, da rabin masu ƙorafin ba su iya sauraren muryar kansu ba. Wasu kuma wayar hannu suka sa a gaba, wai ƙaramar lasifikarta ce ta koya wa kunne lalaci. Kowa na magana kamar bara abin ya faro. Alhali Auto-Tune a 1997 ya fito, kuma kafin zuwansa aikin gama ya riga ya gama da fiye da shekara goma.

Farkon labarin sananne ne, ba sai an ja shi ba. Tun ƙarshen shekarun 1940 Les Paul, makaɗin jita a Amurka, ya nuna cewa ana iya ɗaukar sauti a ɗora wani a kansa. A 1965 ƙungiyar Beatles ta fitar da Yesterday, wadda babu ganga a cikinta ko ɗaya, daga muryar Paul McCartney da jitarsa sai masu gogen Turawa huɗu da George Martin, furodusan ƙungiyar, ya tsara wa abin da za su kaɗa. Daga nan kowa ya gane cewa 'yan rok ma na iya ajiye hayaniya su yi sanyi. Rigimar ado da ƙawa ita ma tsohuwa ce. A 1970 an ƙara wa The Long and Winding Road, ita ma ta Beatles, taron masu goge da 'yan amshi, McCartney bai ji daɗi ba, sai daga baya aka sake fitar da ita ba tare da ƙarin ba. Na'urar ɗauka kuwa ta tashi daga layi 4, wato sautuka huɗu da take iya ɗauka daban-daban, zuwa 8, zuwa 16, zuwa 24 cikin shekara goma kacal.

Mu ma ba 'yan kallo muka zama ba. A farkon shekarun 1970 Legas na da ƙungiyoyin rok irin su BLO da Ofege, kuma a 1973 McCartney da kansa ya zo ya ɗauki yawancin faifansa na Band on the Run a situdiyon EMI na Legas, a kan na'ura mai layi 8. Nan gida, Bongos Ikwue ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma tun yana ɗalibi ya haɗa ƙungiyar kiɗa. A duk wannan zamani, da na Landan da na Legas, abu ɗaya ya haɗa su: makaɗa suna shiga ɗaki ɗaya su kaɗa gindin waƙar tare, suna kallon idon juna. In za a yi ƙari, daga baya ne, a kan abin da mutane suka riga suka kaɗa.

Wanda ke son jin amfanin haka ya saurari Stairway to Heaven ta Led Zeppelin, ta 1971. Minti takwas ce. Da jita da sarewa take farawa, ganga ba ta shigowa sai an wuce minti huɗu. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne gudunta. Tana farawa a wajen bugu 70 a minti, tana ƙarewa kusan 100, kuma da gangan aka yi haka. Mai saurare yakan ɗauka ƙara ce kawai ta ƙaru. A'a, ƙasar da yake tsaye a kai ce take ƙara sauri ba tare da an sanar da shi ba.

In aka zo shekarun 1980, labarin da masana ke son bayarwa shi ne na gangar Phil Collins, mai ganga kuma mawaƙi ɗan Ingila: yadda a 1979, a situdiyon Townhouse na Landan, ana aikin faifan Peter Gabriel, aka ci karo da wani amo mai faɗi da ke yankewa farat ɗaya, wanda daga baya ya cika waƙoƙin zamanin. Labari ne mai daɗi, amma amon ganga yayi ne, ya zo ya wuce. Abin da ya zo ya zauna bai da daɗin bayarwa, shi ya sa aka tsallake shi.

A watan Janairun 1983, a wani bajekolin kayan kiɗa a Kalifoniya, aka haɗa fiyanon lantarki biyu na kamfanoni daban-daban da waya guda, aka danna ɗaya, ɗayan ya amsa. Sunan tsarin MIDI. Ba sauti yake aikawa ba, umarni ne: danna wannan, riƙe, saki. A cikin umarnin har da agogo, wanda ke aika alama 24 a kowane bugu ɗaya domin duk na'urorin da aka jona su taka tare. A shekarar ce kuma fiyanon Yamaha DX7 ya fito, wanda sautinsa mai kama da ƙararrawa ya shiga waƙoƙin soyayya iya shiga. Injin ganga ya riga su zuwa da 'yan shekaru. Da waɗannan suka haɗu, furodusa ya samu abin da bai taɓa samu ba. Zai iya tsara fiyano da goge da bes a cikin na'ura tun kafin makaɗi ko ɗaya ya iso, ya gyara, ya sauya sauti, ba tare da ya biya taron masu goge ko sisi ba.

Sai dai na'ura ba ta jira. Ba ta san mawaƙi ya ja numfashi ba. In za a haɗa abin da ta kaɗa da abin da mutum ya kaɗa, dole ɗaya ya bi ɗaya, kuma ita ba ta iya bi ba. Saboda haka sai aka riƙa sadaukar da layi guda a cikin 24 na tef, galibi na ƙarshe, a zuba masa alamar lokaci da za ta riƙe na'ura da tef a tare. Mai ganga kuma a sa masa hedifon, a riƙa ƙwanƙwasa masa kilik a kunne, ƙas, ƙas, ƙas, daga farkon waƙa har ƙarshe. Ita kilik ba sabuwa ba ce. Masu yi wa fim kiɗa sun daɗe da ita tun farkon fim mai magana, domin kiɗa ya dace da hoto, kuma 'yan disko sun yi amfani da ita a ƙarshen shekarun 1970. Abin da ya sauya shi ne ta tashi daga zaɓi ta koma sharaɗi, har ga ƙungiyar rok mai gangar gaske da makaɗi mai jini a jika. Kafin nan mai ganga mawaƙi yake saurare. Daga nan ya koma sauraren agogo, mawaƙi kuma ya bi shi.

A waƙar rawa wannan ba wata asara ba ce, riba ce ma, domin mai rawa na son ƙasa mai ƙwari. A waƙa mai sanyi ne gizo ke saƙa. In gudu ya kai bugu 120 a minti, rabin daƙiƙa ne tsakanin bugu da bugu, ba wurin da za a yi wani abu. In ya sauko 60, daƙiƙa guda ce cur, kuma a cikin wannan fili mawaƙi ke aikinsa. Yakan ɗan jinkirta kalmar ƙarshen baiti. Makaɗa su ji, su dakata da shi ɗan ƙiris. Sai a faɗa amshi tare, da ɗan hanzarin da ba wanda ya shirya shi. Amshi na uku yakan fi na farko sauri kaɗan, domin jini ya ɗau zafi. Waɗannan ƙananan motsi, waɗanda ba sa kai rabin daƙiƙa, su ne mai saurare ke kira rai. A kunnen kilik kuwa kuskure ne, a sake ɗauka.

To in an hana waƙa ƙara gudu, da me za ta hau? Nan ne, a ganina, tsarin da muka haddace ya daskare. A fara da fiyano ko jita kaɗai. A baiti na biyu a shigo da bes da ganga. A amshi a jibga jita bisa jita da gogen na'ura. Bayan amshi na biyu mai jita ya yi kukansa. A na ƙarshe a ɗaga muryar waƙar mataki ɗaya. Babu ɗaya daga cikin dabarun nan da aka ƙirƙira a 1983, duk sun girmi MIDI. Amma da can zaɓi ne a cikin zaɓuɓɓuka, daga baya suka zama kusan hanyar da ta rage. Waƙa ta daina hawa da ƙafarta, sai tulin kaya da ake ɗora mata.

Ba ina cewa na'ura ba ta iya abin kirki ba. In the Air Tonight ta Phil Collins, ta 1981, a kan injin ganga Roland CR-78 take tafiya, bugunsa ba ya gaba ba ya baya, kuma har yau tana kama mutum. Dalili shi ne an yi amfani da taurin injin da gangan, aka hana mai saurare gangar gaske har fiye da minti uku da rabi. Wannan shawara ce ta wanda ya san abin da yake nema. Matsalar ita ce inda ba a yanke shawarar komai ba, an kunna kilik ne kawai domin haka ake yi.

Abin da ya biyo baya 'ya'yan wannan ne. Da ɗauka ta koma kwamfuta a shekarun 1990, waƙar da ke kan gudu ɗaya ta zama mai sauƙin yanka da liƙi. A rera amshi sau ɗaya, a kwafa a manna a wuri uku, na ƙarshe ya zama na farko sak, har da numfashin. Sannan aka shiga gasar ƙara, ana matse sauti domin faifai ya fi na maƙwabci amo, har baiti mai raɗa da amshi mai tsawa suka kusa zama tsawo ɗaya. Wannan an yi ta kuka a kai, kuma an samu sauƙi, domin manyan manhajojin sauraren waƙa yanzu suna daidaita ƙarar waƙoƙi, wanda ya matse tasa bai ci ribar komai ba. Jama'a ma sun nuna ƙishinsu tun da wuri. Shirin talabijin na MTV Unplugged da ya fara a 1989 bai sayar da komai ba illa makaɗa zaune wuri ɗaya suna sauraren juna. Amma kilik ba ta samu mai kai ƙararta ba, saboda ba a jin ta a faifai. Abin da ta cire kawai ake ji, shi kuma ba shi da suna a bakin mai saurare.

Mu a Arewa ta ƙofar fiyano abin ya shigo mana. Da finafinan Hausa suka bunƙasa a shekarun 1990, kiɗansu a kan fiyanon Yamaha samfurin PSR ya ginu, wanda ke ɗauke da ganga da bes a cikinsa. A zaɓi salo, a saita gudu, a danna, shi ke nan. Mutum ɗaya ya wadatar a madadin makaɗa biyar, kuma ga mai ƙaramin jari wannan ba ƙaramar rahama ba ce. Sai dai hakan na nufin situdiyonmu na zamani a kan agogo aka haife shi. Bai taɓa sanin zamanin da Landan da Legas suka yi na makaɗa a ɗaki ɗaya ba. Yaron da ya koyi aiki a irin wannan wuri, daga baya ya koma kwamfuta, abu na farko da zai tambayi ƙungiya shi ne gudun waƙar nawa ne, ya rubuta lambar a saman allo. In mawaƙi ya jinkirta inda ya saba jinkirtawa, sai ya ji an tsayar: "Oga, ka sauka daga kan kiɗa, mu sake." Ba mugunta ba ce, abin da aka koya masa ke nan.

Abin mamaki shi ne kunnenmu ya san akasin haka tun fil azal. Duk wanda ya saurari Mamman Shata ya san masu kalangu shi suke bi. In ya tsaya ya wasa wani, su riƙe masa wuri. In ya zabura, su zabura. Haka Narambaɗa da masu kotsonsa, haka Ɗanmaraya Jos, wanda kuntiginsa a hannunsa yake, sai yadda bakinsa ya so. Matashin da ke kukan waƙarsa ta mutu a situdiyo, ko rok yake yi ko waƙar coci, da wannan kunnen yake aunawa ko bai sani ba.

Manhajojin ɗauka na yau duk suna iya barin gudu ya hau ya sauka. Ana iya ɗaukar ƙungiya tare ba kilik, sannan a sa kwamfuta ta bi sawun abin da suka kaɗa. Fasahar ba ita ce ta rage ba. Abin da ake bukata ɗaki ne da zai ɗauki mutum biyar da ganga, da makirfo takwas ko fiye, da na'urar da za ta karɓe su a lokaci guda, da makaɗan da suka yi atisaye har ba sa bukatar gyara, domin abin da aka ɗauka haka yana da wuyar yankawa. Yawancin ƙananan situdiyo ɗaki ɗaya ne da makirfo ɗaya, ana biyan su a kan kowace waƙa, janareto na shan mai a waje. A irin wannan lissafi, mai ganga shi ne mutum na farko da ake cewa ya zauna a gida.