Irin tabar wiwi na gargajiya: ɗorewar halitta da bambancinta

Irin gargajiya shi ne wanda manoman wani yanki suka daɗe suna shukawa, suna ajiye iri daga girbi zuwa girbi, har ya saba da ƙasa da yanayin wurin. A tabar wiwi, wadda masanin tsirrai ɗan Sweden, Linnaeus, ya raɗa wa suna Cannabis sativa a 1753, an san irin tsaunukan Hindu Kush na Afganistan, da na tsaunukan Rif a Maroko, da na Malawi.

Ɗorewar irin gargajiya ta gona ce gaba ɗaya, ba ta tsiro ɗaya ba. Tsiron yana da kuromosom 20, wato zaren da ke ɗauke da gadon halitta, kuma galibi namiji daban, mace daban, iska ce ke kai ƙurar fure daga wannan zuwa waccan, saboda haka kowace ƙwayar iri gaurayen iyaye biyu ce. Kamar gero, gonar kan riƙe kamanninta shekara da shekaru, amma in aka bi tsiro ɗaya bayan ɗaya, za a tarar sun sha bamban a tsayi, da lokacin fure, da yawan sinadaran THC (mai sa maye) da CBD (wanda ba ya sa maye). Wannan bambanci ba aibi ba ne, domin shi ke sa wani sashe na gona ya tsira idan fari ko cuta ta zo. Sai dai iskar da ke raya shi ita ke iya rushe shi, domin tana iya kawo ƙurar furen baƙon iri. A Rif ma, irin aure, wato waɗanda aka haɗa daga iri daban-daban, da aka shigo da su daga waje sun maye gurbin tsohon irin a gonaki da yawa.

A Gana, wasu masana tarihi na danganta yaɗuwarsa da sojojin da suka dawo daga Asiya bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Dokar ƙasar ta 2020 kan miyagun ƙwayoyi, wadda majalisa ta gyara a 2023 bayan Kotun Ƙoli ta soke wani sashenta, ta halatta nomansa da lasisi domin masana'antu da magani, muddin THC bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari na busasshen tsiro ba. Irin da aka daɗe ana zaɓa domin ƙarfinsa da wuya ya cika wannan sharaɗi, kuma ƙurar furensa na iya gurɓata irin da za a ɗiba daga gona mai lasisi da ke kusa.