Katunan Farko na 'Yan Ƙwallon Kwando: Tantancewa da Ƙayyade Daraja

Katin farko shi ne katin da wani babban kamfani mai lasisin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ya fara bugawa da hoton ɗan wasa, galibi a kakar da ya shiga gasar. Masu tara irin waɗannan katuna a Amurka sun fi ba shi muhimmanci a kan duk katin da zai biyo baya, kuma farashinsa ya dogara ne ga ficen ɗan wasan, da ƙarancin katin, da makin da kamfanin tantancewa ya ba shi.

Manyan kamfanonin tantancewa su ne PSA, wanda aka kafa a Kalifoniya a 1991, da BGS na kamfanin Beckett, da kuma SGC. Mai kati yakan aika shi a tabbatar ba jabu ba ne, kuma ba a yanke gefensa ko aka shafa masa launi don ɓoye lahani ba, sannan a ba shi maki daga 1 zuwa 10, a rufe shi cikin kwanson roba mai ɗauke da lambar shaida. Abubuwa huɗu ake dubawa: kaifin kusurwoyi, lafiyar gefuna, tsabtar fuskar katin, da yadda hoton ya zauna a tsakiya. BGS kan rubuta makin kowane ɗaya daban, kuma katin da ya sami 10 a duka huɗun shi ne ake maƙala wa baƙin tambari, abin da ba safai ake gani ba. Wani lahanin ma tun daga injin bugawa yake zuwa, domin hoton da ya karkata gefe guda yana rage maki ko da hannu bai taɓa katin ba.

Misalin da ya fi bayyana tasirin maki shi ne katin Michael Jordan mai lamba 57 a jerin katunan kamfanin Fleer na 1986. Jordan ya shiga NBA tun 1984, amma kamfanin Topps ya daina buga katunan ƙwallon kwando bayan kakar 1981 zuwa 1982, kuma katunan kamfanin Star da suka cike giɓin ana sayar da su ne cikin leda ta hannun dillalai, shi ya sa aka amince da na Fleer a matsayin katin farko. A wannan jerin mai katuna 132 ne aka buga katin farko na Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, inda aka rubuta sunansa Akeem. An buga katin Jordan da yawa, sai dai gefunansa masu launin ja da shuɗi suna saurin nuna fari idan suka gogu, don haka cikin dubban da PSA ya duba, 'yan ɗaruruwa kaɗan ne suka sami 10. A farkon 2021 an sayar da guda biyu masu wannan maki a gwanjon kamfanin Goldin kan dala 738,000 kowanne, alhali mai maki 9 bai kai ko kusa da wannan kuɗi ba. Kasancewar yana cikin katunan da aka fi yi wa jabu, sayen wanda ba a tantance ba kasada ce babba.

Katunan zamani sun bi wata hanya dabam, domin kamfani ne da kansa yake ƙayyade ƙarancinsu. Akan buga adadi kaɗan, a rubuta lambar kowanne, a haɗa da sa hannun ɗan wasa da ƙyallen riga. Katin LeBron James na jerin Exquisite na kamfanin Upper Deck na kakar 2003 zuwa 2004, wanda guda 23 kacal aka yi, ya kai dala miliyan 5.2 a watan Afrilun 2021 duk da cewa makinsa 9 ne. Katin Luka Doncic na kamfanin Panini wanda babu na biyunsa an saye shi dala miliyan 4.6 a 2021, aka sake sayar da shi kusan dala miliyan 3.1 a 2022, lokacin da kasuwar da ta hauhawa a zamanin annobar korona ta ja baya.

Masu ƙiyasin farashi sukan duba cinikin da aka kammala kwanan nan na kati iri ɗaya mai maki ɗaya, ba kuɗin da mai sayarwa ya ambata ba, sannan su duba rahoton da kamfanonin ke wallafawa na yawan katunan da suka sami kowane maki. Wannan rahoto yana da rauni wanda ya cancanci a kula da shi: makin hukuncin mutum ne, kuma akwai masu fasa kwanso su sake aika katin da fatan ƙarin maki, ta yadda kati ɗaya zai iya shiga lissafi sau biyu ko fiye.