Wai da gaske akwai inda gwamnati ke biyan manomi don ya hutar da gonarsa?

Maganar nan ta taso a majalisarmu a Kumo bayan la'asar, har wani dattijo ya ce tatsuniya ce. Ga tambayoyin da aka yi ta jefowa.

Da gaske ana biya?

Sosai ma. A Amurka akwai shirin hutar da gona don kare ƙasa, mai suna CRP, tun 1985, ƙarƙashin ma'aikatar noma. Manomi zai sa hannu a yarjejeniyar shekara 10 zuwa 15, ya daina nome ɓangaren gonar da ruwa ko iska ke saurin cinyewa, ya shuka ciyawa ko itatuwa a wurin, gwamnati kuma ta riƙa ba shi kuɗin haya duk shekara, tana ma iya ɗaukar har rabin abin da ya kashe wajen shukar. Kuɗin ba ɗaya ba ne ko'ina, ana duba hayar gona a gundumar da kuma irin ƙasar.

To me ya sa za a biya mutum bai yi noma ba?

Wuya Amurkawa suka sha. A shekarun 1930 fari da guguwar ƙura suka kwashe musu ƙasar noma, mutane suka yi ta ƙaura, shi ya sa a 1935 suka kafa hukumar kula da ƙasa. Kuma amfanin ba na mai gona kaɗai ba ne. Duk wanda ya ga yadda kwarin zaizayar ƙasa ke cin gidaje a cikin garin Gombe ya san ruwan daga sama yake gangarowa, inda aka sare itatuwa aka bar ƙasa tsirara, to in manomin can sama ya riƙe ƙasarsa na ƙasa ma ya tsira, me zai hana a biya shi?

Mu muna da irinsa?

Abin da ya fi kusa shi ne ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace na Bankin Duniya, dala miliyan 700 da aka amince da su a 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja. Sai Gombe Goes Green da aka fara a 2019 na dashen itatuwa. Amma waɗannan sun fi karkata ga raba dashe, gyaran kwari da tallafa wa ƙungiyoyi, ba hayar shekara shekara ba.

Zai yiwu a kwafo na Amurka kai tsaye?

Gaskiya ni ban gani ba. Mai ƴar gona ɗaya da iyali goma, in ka ce ya hutar da ita gero daga ina? Ni abin da nake so a biya shi ne itacen da manomi ya bari ya girma a cikin gonarsa yana kuma nomansa. Ɗauki gawo, da damina yake zubar da ganye, bai tare wa shuka rana, ganyen ya zama taki, ƴaƴansa kuma dabbobi su ci da rani. Manoman Maradi da Damagaram a Nijar sun farfaɗo da miliyoyin hekta ta hanyar rainon kututturen da ke tohowa kawai, ba dashe ba. A ƙirga itacen da ya rayu bayan shekara uku a biya, ba wanda aka dasa ranar biki ba.

Wa zai karɓi kuɗin, mai gona ko mai aro?

Nan ne nake jin tsoro. Da yawa aro ko haya suke nomawa, ba takarda. Dole malamin gona da mai unguwa su taka har gonar, su ga wanda ke riƙe da fartanya, sunansa ne zai shiga, kuɗin kuma ya faɗa asusunsa kai tsaye.