Horar da Masu Bincike kan Farfaɗo da Motsin Jiki Bayan Ciwon Ƙwaƙwalwa da Jijiya

Wannan wani reshe ne na karatun likitanci mai zurfi, inda ake koya wa likitoci, masu gashin jiki, injiniyoyi da masana ƙididdiga yadda za su gano, ta hanyar gwaji da awo, wace jinya ce ke dawo wa maras lafiya da tafiyarsa, riƙonsa da tsayuwarsa bayan ciwo ya taɓa ƙwaƙwalwa, laka ko jijiya. Aikin mai gashin jiki, wanda a Yamai aka fi sani da kine, shi ne ya yi wa mutum jinya. Aikin mai bincike kuwa shi ne ya tabbatar ko jinyar tana aiki, ga wa take aiki, kuma a wane mizani.

Cututtukan da abin ya shafa

Na gaba-gaba ita ce cutar Parkinson, wadda likitan Ingila James Parkinson ya bayyana a 1817. Tana tasowa ne idan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dopamin suka riƙa mutuwa, sai makyarkyata, sanƙarewar gaɓoɓi da nauyin motsi su biyo baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 masu fama da ita sun haura miliyan 8.5. Sai shanyewar ɓarin jiki, wadda hawan jini ne babban sanadinta, a yara kuma sikila na iya jawo ta. Akwai lalurar ƙwaƙwalwa da jariri ke samu gab da haihuwa ko lokacinta, da raunin laka na haɗarin hanya. Shan inna ma bai fita daga lissafi ba: an ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali a watan Agustan 2020, amma waɗanda ta riga ta naƙasa suna nan, suna tsufa da ita.

Abin da ake koyarwa

Tushen fannin shi ne cewa ƙwaƙwalwa tana sake tsara kanta idan aka matsa mata da maimaita aiki. A kan wannan aka gina dabarar Edward Taub ta ɗaure hannun da ke lafiya domin a tilasta wa shanyayyen hannu aiki, da kuma amfani da kiɗa ko ƙirga taku wajen taimakon mai Parkinson da ƙafarsa ke kafewa a ƙasa. Ɗalibi yana karanta tsarin jijiya, kimiyyar motsi, ƙididdiga da ƙa'idojin bincike a kan ɗan Adam, irin waɗanda ke cikin Sanarwar Helsinki ta 1964.

Amma kashin bayan horon shi ne tsara gwaji: a raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a yi wa kowane gida jinya daban, wanda zai auna sakamako kuma kada ya san wa ke cikin wane gida. Dalilin wannan tsauri a fili yake. Mai shanyewar jiki yakan samu sauƙi da kansa a watannin farko, don haka kowace dabara, ta asibiti ko ta gargajiya, tana iya cin yabon da ba nata ba. Gwajin AVERT da aka wallafa a 2015 ya nuna amfanin wannan taka-tsantsan. An daɗe ana ganin cewa gaggauta tayar da maras lafiya daga gado alheri ne tsantsa. Da aka gwada a kan mutum 2,104 a ƙasashe 5, sai aka ga waɗanda aka tayar cikin awa 24 na farko, aka kuma yawaita masu motsi, sun ɗan gaza sauran samun sauƙi bayan wata 3.

Matsalar ma'auni

Nan ne horon ya fi shafar Nijar. Ma'aunan da duniya ke aiki da su, irin su na Barthel na 1965, na Fugl-Meyer na 1975 da gwajin tashi a tafi na 1991, an tsara su ne a Turai da Arewacin Amurka. Suna tambaya ko mutum yana iya tashi daga kujera, ya hau matakala, ya yi tafiya a shimfiɗaɗɗen daɓe. Dattijon ƙauyen Tawa kuwa a tabarma yake zama, a rairayi yake tafiya, tsugune yake alwala, kuma abin da ya fi damunsa shi ne ya iya ruku'u da sujada ya tashi ba tare da an kama shi ba. Mace tana so ta iya daka, ta goya ɗanta. Ma'aunin da bai ga waɗannan ba, yana iya cewa mutum ya warke alhali a gidansa har yanzu sai an ɗaga shi. Saboda haka mai bincike na nan dole ya koyi daidaita ma'auni da rayuwar mutanensa, ya mayar da shi Hausa ko Zabarmanci, sannan ya sake gwada ingancinsa, domin tambayar da aka yi ta bakin tafinta ba lallai ta zama ita ce aka rubuta ba.

Haka ma mai jinyar. A yawancin gidaje ɗa, mata ko ƙanwa ne ke motsa wa maras lafiya gaɓoɓi bayan sallama daga asibiti, don haka binciken yadda za a koya wa dangi atisaye ya fi kusa da buƙata a kan binciken na'urori masu tsada.

Inda ake samun horon

A Yamai, Tsangayar Kimiyyar Lafiya ta Jami'ar Abdou Moumouni ce ke yaye likitoci, ɗalibanta kuma suna koyon aiki a Babban Asibitin Ƙasa da asibitin Amirou Boubacar Diallo na Lamorde. Asibitin yara na CURE, da aka buɗe a 2010, yana aikin gyaran ƙashi da gaɓoɓi. A jihar Tawa akwai asibitin Galmi. Mai neman zama cikakken mai bincike yakan bi matakin digiri na biyu da na uku, ƙarin girmansa a jami'a kuma yana bi ta hukumar CAMES mai mazauni a Wagadugu, wadda ke duba yawan abin da malami ya wallafa da ingancinsa.

A matakin duniya, Hukumar Lafiya ta ƙaddamar da shirin Farfaɗowa 2030 a shekarar 2017, an kuma ƙiyasta cewa mutum biliyan 2.4 ne ke da lalurar da irin wannan jinya za ta amfana. A watan Mayun 2023 babban taron hukumar ya zartar da ƙudurinsa na farko a kan batun, wanda ya nemi ƙasashe su saka farfaɗowa cikin tsarin lafiyarsu, su kuma ƙarfafa horar da ma'aikata da bincike.