Guguwa ta wuce: tambayoyi da amsoshi kan yadda za a koma gida lafiya

Iska ta kwanta, ruwa ya ɗauke. Mutum ya leƙo waje ya ga kwanon rufinsa a bakin hanya, bishiya kuma ta kwanta a kan katanga. Abin da ke fara zuwa ransa shi ne ya naɗe hannun riga ya hau gyara, kuma a wannan saurin ne mutane da yawa ke jin ciwo.

Tunda iska ta tsaya, ba shi ke nan ba?

Hadari ne ya wuce, haɗari yana nan. Lokacin da guguwar Maria ta afka wa tsibirin Puerto Rico a watan Satumban 2017, hukumomi sun fara cewa mutum 64 ne suka mutu. A watan Agustan 2018, bayan binciken Jami'ar George Washington, gwamnatin tsibirin ta amince da adadin 2,975. Wannan lissafin ya haɗa da waɗanda suka rasu cikin wata shida bayan guguwar, lokacin da babu wuta, babu tsabtataccen ruwa, zuwa asibiti kuma ya zama aiki.

Ko a ranar ma, shirun na iya yaudara. Manyan guguwar teku suna da tsakiya mai natsuwa, in ta zo kan gari sai komai ya lafa na ɗan lokaci, sannan iska ta dawo daga ɗaya ɓangaren. In kuma ruwa ne mai tsawa, a bari a yi minti 30 da jin tsawa ta ƙarshe kafin a fita.

Wayar lantarki ta faɗo ƙofar gida, amma unguwar duk babu wuta. Zan iya janye ta gefe?

Kada ka taɓa ta, ko da sanda ne. Ana iya dawo da wuta ba tare da an sanar da kowa ba, kuma janaretan wani gida da aka haɗa ba bisa ƙa'ida ba yana iya turo wuta cikin layin. Waya mai wuta ba lallai ta yi tartsatsi ko ƙara ba, tana iya kwanciya shiru kamar igiya. Jiƙaƙƙiyar ƙasa tana ɗaukar wutar ta baza ta kewaye, har mutum ya sha jan wuta bai ma kai ga wayar ba. A ba ta tazarar aƙalla mita 10, a tsare yara, a kira kamfanin wuta.

In a kan mota ta faɗo kana ciki, zauna ka jira taimako. Sai in motar ta kama da wuta za ka fita, shi ma da tsalle, ƙafa biyu a haɗe, ba tare da ka taɓa mota da ƙasa a lokaci guda ba. Daga nan ka riƙa jan ƙafa a hankali har ka yi nisa.

Ruwan da ya kwanta a titi bai wuce ƙwauri ba, me zai yi min?

Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babba, mai santimita 30 kuma yana iya ɗaga ƙaramar mota. Sannan ba ka ganin abin da ke ƙasansa: buɗaɗɗiyar kwata, ƙusa, fasasshen gilashi, ko waccan wayar. Ruwan ambaliya yakan kwaso kashin masai da fitsarin ɓera. In ka yanke a cikinsa, wanke wurin da sabulu da ruwa mai tsabta, ka je a duba ko kana buƙatar allurar tetanus.

Yaya zan san ko gidan na shiguwa?

Fara zagaya shi ta waje, da rana. Bangon da ya tsage ko ya karkata, da silin ɗin da ya yi ciki saboda ruwa, duk alamu ne na a dakata har magini ya gani. Ka shiga da tocila, ban da kyandir ko ashana. In ka ji warin gas, kada ka taɓa makunnin fitila ko ɗaya, bar ƙofa a buɗe ka fice. In ruwa ya kai soket, a kashe babban makunnin wutar gidan, amma fa ba kana tsaye cikin ruwa ba. Kayan wutar da suka jiƙe su jira mai gyara. Macizai da kunamu ma mafaka suke nema a irin wannan lokaci, kada a zura hannu ƙarƙashin tarkace.

Ina zan ajiye janareta, tunda waje a jiƙe yake?

A waje dai. A ganina babu kuskuren da ya kai wannan ban takaici, don iyali ne sukan tsira daga guguwa su mutu cikin barci. Hayaƙin janareta yana ɗauke da iskar kabon monoksayid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar oksijin. Farkonta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, abubuwan da kowa zai ɗora wa gajiyar ranar. Buɗe taga ba ya wadatarwa, gareji da baranda ma ba su yi ba. A kai shi aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, a yi masa rumfa mai buɗaɗɗen gefe, bututun hayaƙin ya juya wa gidan baya. Gawayi a ɗaki a rufe ma haka yake kisa. In mutanen gida biyu ko uku suka kama ciwon kai lokaci guda, kowa ya fita waje, a nufi asibiti.

Ruwan sha da abincin firij fa?

Ruwan famfo ko na rijiyar da ambaliya ta shiga, a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana tafarfasa. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ta cire fetur ko sinadari, don haka mai warin mai a bar shi. Firij da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kamar awa 4, firiza cike kuma awa 48. Abin da ruwan ambaliya ya taɓa a zubar, kada a ce bari a ɗanɗana a ji.

Ta ina zan fara gyara?

Da hoto. Kafin ka ɗaga ko tsinke, ɗauki hoton kowace ɓarna, don kamfanin inshora ko masu rabon tallafi shaida za su nema. Bayan nan a buɗe tagogi a fitar da duk abin da ya jiƙe, saboda funfuna tana fara kamawa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Katifar da ta sha ruwan ambaliya da wuya ta koma ta amfanu. A sa takalmi mai kauri da safar hannu, kada a gauraya bilic da wani sinadarin wanki, a kifar da duk mazubin da ya tara ruwa saboda sauro. Hawa rufi kuwa a bari sai kwano ya bushe, kuma da wani a ƙasa yana riƙe da tsani.