Waiwaye: Yadda kuɗin talabijin ya sake zana taswirar wasannin jami'o'in Amurka

A ranar Juma'a 4 ga Agustan 2023, jami'o'i biyar suka fice daga rukunin wasanni na Pac-12 a yini ɗaya. Oregon da Washington suka nufi rukunin Big Ten, Arizona da Arizona State da Utah suka koma Big 12. Mako guda kafin nan Colorado ta riga ta tafi, USC da UCLA, manyan jami'o'in birnin Los Angeles, kuwa tun a watan Yunin 2022 suka sanar da tafiyarsu. Da shigowar Satumba, Stanford da California su ma suka samu wurin fakewa a ACC. Rukunin da ya samo asali tun 1915, wanda ya fi kowane rukuni tara kofunan ƙasa, ya wayi gari da jami'o'i biyu kacal, Oregon State da Washington State. Babu wata rigimar filin wasa da ta haddasa wannan. Shugaban rukunin, George Kliavkoff, ya kasa samo kwangilar talabijin mai tsoka, abin da ya kawo wa jami'o'in shi ne tayin kamfanin Apple na haska wasanni ta intanet, a kan kuɗin da bai wuce dala miliyan 25 ga kowace jami'a a shekara ba. Suka duba abin da maƙwabta ke samu, kowa tasa ta fisshe shi.

Wanda bai saba da Amurka ba zai yi mamakin yadda wasan ɗalibai ke jawo irin wannan kuɗi. A can, ƙwallon Amurka, mai kama da zari-ruga, da ƙwallon kwando na jami'o'i suna da magoya baya kamar manyan kulob-kulob na Turai. Filin Jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum sama da 107,000. Jami'o'in sun kasu rukuni-rukuni, kuma asalin rukuni maƙwabtaka ce: makarantun yanki ɗaya su haɗu su tsara jadawali, su amince da dokoki, 'yan wasa su hau mota ko jirgin ƙasa su je su dawo kafin darasin Litinin. Sama da rukunonin akwai hukumar NCAA, wadda aka kafa a 1906 bayan yawan mace-mace a filin ƙwallo ya sa Shugaba Theodore Roosevelt tsoma baki.

Wasan ƙwallon Amurka na jami'a na farko da aka haska a talabijin shi ne na Fordham da Waynesburg a ranar 30 ga Satumban 1939. Cikin shekara goma akwatin talabijin ya shiga gidaje, masu kula da wasanni suka tsorata cewa mutane za su daina sayen tikiti. A 1951 NCAA ta karɓe ikon haska wasannin ƙwallon Amurka baki ɗaya. Jami'ar Pennsylvania, wadda ta daɗe tana haska wasanninta na gida, ta yi tirjiya, aka yi mata barazanar ƙauracewa, ta sauko. Daga nan har shekara talatin da 'yan kai, NCAA ce kaɗai mai sayarwa. Ita ke cewa wasa nawa za a nuna, sau nawa kowace jami'a za ta fito, nawa kuma za a biya.

Manyan jami'o'i ba su taɓa jin daɗin tsarin ba, kuma suna da hujja. A kakar 1981 tashar ABC ta nuna wasan Oklahoma da USC a tashoshi sama da 200, a ƙarshen makon kuma ta nuna na Citadel da Appalachian State a tashoshi huɗu, amma dukkan jami'o'in huɗu kuɗi iri ɗaya suka karɓa. Tun 1977 manyan sun kafa ƙungiyarsu ta CFA, a 1981 suka ƙulla yarjejeniya ta kansu da tashar NBC. NCAA ta ce duk wadda ta shiga za ta fuskanci hukunci a dukkan wasanninta. Sai jami'o'in Oklahoma da Georgia suka garzaya kotu.

Ranar 27 ga Yunin 1984 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci, alƙalai bakwai a gefe guda, biyu a ɗaya gefen, cewa tsarin NCAA ya saɓa wa dokar hana babakere ta Sherman. Daga ranar, haƙƙin haska wasa ya koma hannun kowace jami'a. Ɗaya daga cikin alƙalai biyun da suka ƙi amincewa shi ne Byron White, wanda a ƙuruciyarsa fitaccen ɗan ƙwallo ne a Jami'ar Colorado. Ya yi gargaɗin cewa kotun tana ɗaukar wasan ɗalibai tamkar kasuwanci zalla, alhali makarantu ne ke yin sa. A ganina hukuncin bai kauce wa doka ba, domin babakere NCAA ke yi, amma White ne ya hango inda za a dosa. Jami'o'in sun yi gudun gara ne suka faɗa gidan zago: sun kuɓuta daga hukumar da su da kansu suke da ƙuri'a a cikinta, suka miƙa wuya ga kamfanonin da babu ruwansu da komai sai yawan masu kallo.

Da farko ma asara aka yi, saboda wasanni sun cika kasuwa farashi ya faɗi. Darasin da aka ɗauka shi ne, mai sayarwa shi kaɗai ba shi da ƙarfi sai in sunansa ya kai na Notre Dame, wadda a 1990 ta ɓalle ta ƙulla tata kwangilar da NBC, har yau kuma suna tare. Sauran suka gane cewa rukuni ne zai zama dillali, kuma rukunin da ya fi faɗin ƙasa da yawan gidaje masu talabijin shi zai fi tsada. Penn State ta shiga Big Ten, Florida State ta shiga ACC, Arkansas da South Carolina suka shiga SEC, wanda ya cika jami'o'i 12 ya fara wasan ƙarshe na rukuni a 1992, wasa guda da ake sayarwa daban.

Babban rukunin farko da ya mutu a wannan zamanin shi ne Southwest, wanda bayan tafiyar Arkansas ya zama na jihar Texas kaɗai. Jiha ɗaya, komai girmanta, ba ta ishi kamfanin talabijin ba. A 1996 Texas da Texas A&M da Texas Tech da Baylor suka haɗe da jami'o'in Big Eight aka samu Big 12, aka bar Houston da Rice da SMU da TCU a baya. Houston ɗin nan ita ce jami'ar da Hakeem Olajuwon ya bar Legas ya je ya yi suna a ƙwallon kwando a farkon shekarun 1980. Sai da ta yi shekara 27 a ƙananan rukunoni kafin ta shiga Big 12 a 2023.

Babban juyi na biyu ya zo a 2007, lokacin da shugaban Big Ten, Jim Delany, ya buɗe tashar rukunin ta kansa da haɗin gwiwar kamfanin talabijin na Fox. Ya kamata a fahimci yadda kuɗin ke shigowa a nan, domin shi ne ya bayyana abubuwan da suka biyo baya. A tsarin talabijin na kebul, kowane gida na biyan kuɗin wata na tarin tashoshi, kowace tasha kuma tana da kasonta, ko mai gidan ya kalle ta ko bai kalla ba. Kason da tashar Big Ten ke samu daga gida a jihar da take da jami'a ya ninka na sauran jihohi sau da yawa. Saboda haka darajar jami'a ta koma yawan gidajen da ke kewaye da ita, ba ƙarfin ƙungiyarta ba. Wannan ne ya sa a 2014 Big Ten ya ɗauki Rutgers da Maryland, waɗanda a lokacin ba su da wani ƙarfin a zo a gani a ƙwallon Amurka, amma ɗaya tana bakin birnin New York, ɗayar tana bakin Washington.

Tsakanin 2010 da 2014 kusan kowa ya motsa. Nebraska ta bar Big 12 zuwa Big Ten, Colorado da Utah suka tafi yamma, Texas A&M da Missouri suka shiga SEC bayan tashar wasanni ta ESPN ta ba Texas tasharta ta kanta a kan dala miliyan 300 na shekara 20, abin da ya ɓata wa maƙwabtanta rai. ACC ya ƙarasa kwashe manyan rukunin Big East, aikin da ya fara tun 2004 da Miami da Virginia Tech. Wasannin hamayya da kakanni suka gadar wa jikoki suka tsaya. Texas da Texas A&M sun daina haɗuwa bayan 2011, sai a 2024 suka sake. Pittsburgh da West Virginia, waɗanda tafiyar sa'a ɗaya da rabi ce a mota tsakaninsu, sun yi shekara goma ba su kara ba.

A lokacin Pac-12 kamar shi ne a gaba. A 2011 ya samu kwangilar dala biliyan 3 ta shekara 12 daga ESPN da Fox, mafi tsada a zamaninta. Kuskurensa shi ne da ya buɗe tasharsa a 2012 ya ƙi haɗa hannun jari da kowane babban kamfani, don ya riƙe ribar duka. Ba shi da wanda zai tilasta wa masu rarraba tashoshi su ɗauke ta, kamfanin DirecTV bai taɓa ɗaukarta ba, kuɗin da aka yi wa jami'o'i alkawari bai zo ba. Ga kuma matsalar agogo: wasan dare a California yana faɗowa ne lokacin da rabin ƙasar ta yi barci.

Sai kasuwar kanta ta juya. Mutane suka fara yanke kebul suna komawa kallo ta intanet. ESPN da ke shiga gidaje kusan miliyan 100 a 2011 ta sauko zuwa kusan miliyan 70 a 2023. Yanzu abin da ke da tsada shi ne wasan da miliyoyi za su zauna su kalla kai tsaye tare da tallace-tallace, wato manyan sunaye suna karawa da juna kowane mako. Texas da Oklahoma suka sanar da komawa SEC a Yulin 2021, watanni kaɗan bayan ESPN ta karɓe manyan wasannin SEC daga CBS a kan kusan dala miliyan 300 a shekara, alhali CBS na biyan kusan miliyan 55. Fox ta mayar da martani ta ɓangaren Big Ten: USC da UCLA suka shigo, a Agustan 2022 rukunin ya sa hannu da Fox da CBS da NBC a kan sama da dala biliyan 7 na shekara bakwai. Big 12 ya yi wuf ya sabunta tasa kwangilar da ESPN da Fox a Oktoba. Da Pac-12 ya iso kasuwa, an riga an kashe kuɗin. Masu bin ƙwallon Turai za su tuna yunƙurin kafa Super League a Afrilun 2021, wanda magoya baya a Ingila suka rusa cikin kwana biyu. A Amurka irin wannan abu ne ya faru, sai dai a hankali aka yi shi, jami'a ɗaya bayan ɗaya, ba a samu rana guda da jama'a za su fito su ce ba su yarda ba.

Tsoron a bar mutum a baya ya sa wasu suka amince da sharuɗɗa masu ɗaci. Oregon da Washington sun shiga Big Ten a kan kusan rabin kaso. Stanford da California, da ke gaɓar Tekun Pasifik, sun shiga ACC, rukunin gaɓar Atilantika, a kan kashi 30 cikin ɗari a shekarun farko. SMU ta yafe kuɗin talabijin na shekara tara, attajiran tsofaffin ɗalibanta suka cike giɓin.

Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda ba a tambaya ba. Ƙungiyar ƙwallon Amurka wasa ɗaya take yi a mako, a jirgin haya take tafiya. Amma jami'a na da 'yan ƙwallon raga da 'yan ƙwallon ƙafa mata da sauransu, waɗanda ke wasa tsakiyar mako, kuma an ja su cikin sabuwar taswirar saboda wasan da ba nasu ba. Daga Los Angeles zuwa New Jersey, inda Rutgers take, kusan kilomita 4,000 ne, da bambancin agogo na sa'a uku. Ɗalibar da za ta yi wannan tafiya ta dawo ta zauna jarrabawa, da iyayen da ba za su iya zuwa kallonta ba, ba su cikin lissafin kwangila. Girgizar tana gangarowa har ƙasa. Da Oregon State da Washington State suka tashi sake gina Pac-12, sai suka kwashi Boise State da Fresno State da San Diego State da Colorado State da Utah State daga rukunin Mountain West, shi kuma ya juya ya ɗauko UTEP, jami'ar da Blessing Okagbare da Tobi Amusan suka yi karatu da tsere a cikinta. Matasan Najeriya da ke zuwa Amurka da tallafin karatu na guje-guje suna dogara ne da kasafin da ƙwallon Amurka ke ciyarwa, in ya ragu su ne na farko da za su ji a jikinsu.

Abu ɗaya mai kyau da ya fito daga wannan hargitsi shi ne, hujjar hana 'yan wasa kuɗi ta rushe. Ba zai yiwu a sayar da guminsu a kan biliyoyi sannan a ce su ɗalibai ne kawai ba. A Yunin 2021 Kotun Ƙoli, da bakin dukkan alƙalanta tara, ta sake kayar da NCAA a shari'ar Alston, daga 1 ga Yuli kuma aka ba ɗalibai damar samun kuɗi da sunansu da hotonsu. A Yunin 2025 Mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun shari'ar House: diyyar kusan dala biliyan 2.8 ga tsofaffin 'yan wasa, da izinin kowace jami'a ta raba wa 'yan wasanta har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Sai dai wannan sabon nauyi ya ƙara wa jami'o'i ƙishirwar kuɗin talabijin, ya kuma ƙara tazara tsakanin Big Ten mai jami'o'i 18 da SEC mai 16 a gefe guda, da sauran a ɗaya gefen. Su biyun ne ke ɗaukar kaso mafi tsoka a sabuwar kwangilar wasannin fitar da zakara, wadda ESPN ta saya a kan dala biliyan 7.8 na shekara shida.

Florida State da Clemson sun kai ACC kotu don su kuɓuta daga yarjejeniyar da ta ɗaure haƙƙin haska wasanninsu har 2036. A Maris na 2025 aka yi sulhu: jami'ar da ta fi jan masu kallo za ta riƙa samun kaso mafi girma, kuɗin ficewa kuma zai riƙa raguwa kowace shekara har ya sauka zuwa dala miliyan 75 a kakar 2030 zuwa 2031. Gab da wannan kakar ne, a 2030, kwangilar Big Ten ke ƙarewa, ta Big 12 kuma shekara guda bayanta.